Laccocin Asalin Duniya da Amanar Mai Lacca

Tun shekarar 1825 akwai wata al'ada a birnin Landan, a zauren wata ƙungiyar masana da a ke kira Royal Institution. Kowace shekara, in ban da 'yan shekaru kaɗan na Yaƙin Duniya na Biyu, da hutun Kirsimeti ya zo sai a tara yara da manya, a gayyato wani malami ya yi musu lacca a kan ilmin kimiyya da harshen da kowa zai gane. Michael Faraday, wanda ya kafa al'adar, shi kansa ya yi jerin laccocin har sau 19, kuma wanda ya fi shahara a cikinsu a kan kyandir ya yi shi. Ya kunna kyandir a gaban jama'a, ya nuna musu yadda kakin ke narkewa ya hau lagwani, da abin da wuta ke ci a cikin iska, da ruwan da ke fita daga harshenta. Wanda duk ya yi shakka, ga kyandir nan a kasuwa, ya saya ya gwada a ɗakinsa. Gani ya kori ji.

To, amma akwai wata irin lacca wadda ba ta da kyandir. Ita ce laccar da a kan yi a kan asalin duniya, watau sammai da taurari da ƙasa baki ɗaya, da kuma yadda masu rai suka yi ta sauya kama tun farko har zuwa yau. Ba mai iya kawo tauraro cikin zaure, ba kuwa mai iya mayar da jama'a shekara miliyan ɗari baya su gani da idonsu. Duk wanda ke zaune a wurin jiyau ne. Saboda haka mai irin wannan lacca amana ce ya ɗauka, kuma da ya ke yau laccocin nan sun bar zaure sun shiga rediyo da talabijin da wayar hannu, har yaron makaranta a ƙauye yana iya jin su, ya kamata a san ma'aunin da za a auna su da shi.

Ma'aunin kuwa ba mai wuya ba ne, kowane ma'aji ya san shi. Ma'aji na gari ba ya gama kuɗin da suka shiga akwati, masu rasiɗi, da kuɗin da a ke kintacen za su shigo bana, balle ya gama su da waɗanda shi ke fatan a samu. Kowane da shafinsa. Haka maganar mai lacca ta kasu uku. Akwai abin da aka auna, aka sake aunawa, masana suka tabbatar. Akwai abin da aka kintata daga awon, wanda gobe wani sabon awo ke iya rushewa. Sa'an nan akwai ra'ayin shi mai laccar a kan ma'anar rayuwa da addini da makomar ɗan Adam. Duka ukun yana da ikon faɗa, sharaɗin kawai ya gaya wa masu sauraro shafin da ya ke karantawa. Da wannan ma'auni za a duba mutum uku da suka yi suna a wannan fage, ɗaya a zaure, ɗaya a rediyo, ɗaya a talabijin.

Mai alli

A shekarar 1868 masanan Ingila suka yi taronsu na shekara a birnin Norwich. Thomas Huxley, abokin Charles Darwin kuma mai kare koyarwarsa, ya tara leburori da masu sana'ar hannu na garin ya yi musu lacca a kan guntun alli, irin wanda kafinta ke sa wa a aljihu. Ya fara da abin da suka riga suka sani, cewa in an haƙa rijiya a garinsu sai an tarar da alli, kuma a waɗansu wurare na Ingila kaurinsa ya fi ƙafa 1,000. Ya ce in an kankare allin aka duba da madubi mai ƙara girman abu, sai a ga ashe ɓawon waɗansu ƙananan halittun teku ne jibge a kan juna. Daga nan ya kawo shaida ta biyu. A shekarar 1857, sa'ad da a ke neman hanyar shimfiɗa wayar tangaraho a ƙarƙashin Tekun Atlantika, an ɗebo laka daga gindin teku aka kawo masa ya duba, ya tarar da irin waɗannan ɓawo a ciki. Ashe ƙasar da mutanen Norwich ke takawa gindin teku ce a da.

Inda gwanintarsa ta fi fitowa shi ne wajen lissafin zamani. Bai jefa musu wani babban adadi su haɗiya ba. Ya ba su labarin wata halittar teku mai ƙaya kamar bushiya da aka samu cikin alli. Bayan ta mutu namanta ya ruɓe, wata 'yar halitta mai ɓawo ta manne a bayanta ta girma ta mutu, wata kuma ta zo ta tsiro a kan ɓawon wannan, duk tun laka ba ta rufe su ba. Ya ce ko an ƙaddara duk wannan shekara guda ya ci, to, tarin inci ɗaya na alli ya fi shekara ke nan, ƙafa 1,000 kuwa ta fi shekara 12,000. Ya kuma faɗa a fili cewa wannan shi ne mafi ƙarancin abin da zai yiwu. Yau an san allin nan ya taru ne tsakanin kimanin shekara miliyan 100 zuwa miliyan 66 da suka wuce, amma lissafin Huxley bai zama ƙarya ba, domin bai wuce iyakar shaidar da ke hannunsa ba, kuma kowane kafinta a zauren yana iya bin lissafin da yatsunsa.

Da ya zo kan maganar juyin halitta sai ya ɗauko kada. Ya nuna kadojin zamanin alli sun bambanta da na yanzu a ƙashin baya, waɗanda suka gabace su kuma sun ƙara bambanta. Ya ajiye bayani biyu a gaban jama'a: ko dai kowane iri an yi shi daban a lokacinsa, ko kuwa wani daga wani ya fito sannu a hankali. Ya gaya musu shi na biyun ya ɗauka, su ma su zaɓa. Ana iya zarginsa da cewa ya siffanta bayanin farko a gurguje, yadda ba zai yi wa kowa daɗin ɗauka ba, kuma zargin yana da tushe. Duk da haka ya raba shafukansa, mai sauraro ya san inda alli ya tsaya da inda Huxley ya fara.

Abin mamaki, cikin wannan shekara ta 1868 ce Huxley ya yi kuskure mafi girma a aikinsa. Ya sake duba lakar nan ta Atlantika, wadda aka adana cikin barasa, ya ga wani abu mai yauƙi, ya zaci wata halitta ce ta farko-farko da ke shimfiɗe a gindin teku, har ya raɗa mata suna Bathybius. Labari ya bazu ƙasashen Turai. A shekarar 1875 masanin harhaɗa sinadarai na jirgin bincike Challenger ya gano cewa ba halitta ba ce ko kaɗan, gishirin ruwan teku ne da barasa ta daskarar. Huxley bai yi gardama ba. Ya buga labarin a jaridar masana, ya ce laifin nasa ne. Mutuncinsa kuwa bai ragu ba, domin gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Mai rediyo

Na biyu shi ne Fred Hoyle, masanin taurari na Jami'ar Cambridge, wanda aka haifa a 1915 ya rasu a 2001. Kafin a auna laccocinsa sai an san yadda ilmin ya ke a lokacin. A 1929 Edwin Hubble ya nuna cewa garkunan taurari na nesa suna ta ƙara nisa, wanda ya fi nisa shi ya fi sauri. Georges Lemaître na Beljiyam ya riga ya fitar da wannan ta hanyar lissafi tun 1927, a 1931 kuma ya ce in haka ne, lalle akwai lokacin da komai ke dunƙule wuri guda. Hoyle da abokansa biyu, Hermann Bondi da Thomas Gold, suka kawo wani bayani dabam a 1948. Suka ce duniya ba ta da farko ba ta da ƙarshe, tana buɗewa dai, amma kullum sabuwar ƙwayar zarra na ɓullowa kaɗan-kaɗan tana cike gurbin, saboda haka kamanninta ba sa sakewa.

Ran 28 ga Maris 1949 Hoyle ya yi magana a gidan rediyon BBC, inda ya laƙaba wa bayanin abokan hamayyarsa wani suna na Turanci mai ma'anar babbar fashewa. Daga baya ya ce ba don ba'a ya faɗa ba, amma sunan ya bi bayanin har yau. A farkon 1950 aka ba shi fili ya yi lacca biyar a jere, aka buga su littafi cikin shekarar, aka saye shi ƙwarai.

Ba a hana gwani yabonsa. Hoyle ya iya zance, yana magana kamar mutumin ƙauyen Yorkshire da ke hira a ƙofar gida, yana kwatanta nisan taurari da abubuwan da kowa ya sani. Shakkarsa ma ba ta banza ba ce, ruwa ba ya tsami banza. Awon Hubble na lokacin ya ba duniya shekara kimanin miliyan 2,000 ne kawai, alhali kuwa awon duwatsu ya nuna ƙasa ta fi haka tsufa, 'ya kuwa ba ta girme uwarta. Sai a 1952 Walter Baade ya gano an yi kuskure wajen auna nisan garkunan, aka fara gyara lissafin. Har wa yau, Hoyle ne ya yi babban aiki wajen gano yadda a ke ƙera sinadarai masu nauyi a cikin taurari. A 1953 ya kintaci wani hali na ƙwayar kabon, aka gwada aka same shi, a 1957 kuma shi da Margaret Burbidge da Geoffrey Burbidge da William Fowler suka buga bayanin da a ke koyarwa har yanzu, cewa kabon da ƙarfen da ke jikin mutum a cikin taurari aka dafa su.

Laifinsa a wani wuri ya ke. Shi ne mai ƙara, shi ne kuma ya zauna a buzun alƙali. Masana sun rabu a kan maganar, ba a kuwa sami awon da zai raba gardama ba tukuna, amma mai sauraro a gida bai ji haka sosai ba. Ya ji muryar malami guda, mai daɗin baki, yana fifita nasa bayani, ba wanda zai tashi a zaure ya ɗaga hannu. A cikin laccocin ne kuma ya gaya wa jama'a cewa rana tana da abokiyar tafiya a da, wani tauraro da ya fashe, daga tarkacensa ƙasa da 'yan uwanta suka samu. Wannan kintace ne nasa, masana sun daɗe da barinsa, amma a rediyo ya fito da murya ɗaya da abin da aka auna. A lacca ta ƙarshe kuma ya juya kan addinin Kirista ya faɗi abin da ke ransa. A nan ya yi gaskiya, ya ce ra'ayinsa ne. Sai dai mutumin da aka yi makonni huɗu ana ji a matsayin bakin ilmi, ba a dare ɗaya masu sauraro za su sauke shi daga wannan matsayi ba.

Awo ya zo daga baya ya yi hukunci. Martin Ryle, shi ma a Cambridge, ya ƙidaya wuraren da sautin rediyo ke fitowa a sama, a 1961 ya nuna sun fi yawa can nesa, watau duniya ta dā ba irin ta yau ba ce. A 1965 Arno Penzias da Robert Wilson a Amurka suka ba da labarin wata ƙara da na'urarsu ke ji daga kowace fuska ta sama. Har tantabarun da suka yi sheƙa a ciki sun kora, sun share kashinsu, ƙara ba ta daina ba. Ashe ragowar zafin farkon duniya ne, wanda ya huce har bai kai digiri 3 ba bisa ga matuƙar sanyi, zafin da Ralph Alpher da Robert Herman suka kintaci akwai shi tun 1948. Kusan duk masana suka sallama. Hoyle bai sallama ba, ya yi ta yi wa bayaninsa faci har ya rasu. Malami yana da ikon riƙe ra'ayinsa a tsakanin 'yan uwansa malamai, don suna da abin mayar masa da martani. Wanda ya ji laccar 1950 a ɗakinsa bai da wannan, magana kuwa zarar bunu ce.

A daidai wannan zamani Lemaître ya nuna wata hanya. Shi fa limamin Katolika ne, kuma bayaninsa ne ke cewa duniya tana da farko. A watan Nuwamba 1951 Paparoma Pius na 12 ya yi jawabi yana nuna cewa ilmin zamani ya zama shaida ga halitta. Wani ne da sai ya yi murna, amma Lemaître bai ji daɗi ba, ya nemi a daina gama abubuwan biyu. Dalilinsa a fili ya ke. Bayanin kimiyya abin gwaji ne, yana iya tsayawa yana iya faɗuwa, wanda kuwa ya jingina imaninsa a jikin irin wannan bango, ran da aka rushe bangon tare za su faɗi. Wannan gargaɗi ya hau kan mai son ya kafa addini da madubin hangen nesa, ya kuma hau kan mai son ya rushe shi da shi.

Mai kalanda

Na uku shi ne Carl Sagan na Amurka, wanda a 1980 ya fitar da shirin talabijin mai kashi 13 da a ke kira Cosmos, tare da Ann Druyan da Steven Soter. Babbar wahalar wannan ilmi ita ce adadi. In an ce wa mutum miliyan dubu, kunnensa ya ji amma zuciyarsa ba ta kama komai ba. Dabarar Sagan ita ce ya matse dukan tarihin duniya cikin kalandar shekara ɗaya. Shi da shekara miliyan 15,000 ya yi lissafi, awon yanzu kuwa ya tsaya a kan kimanin miliyan 13,800. Bisa wannan, kowace rana ta kalandar ta kusa shekara miliyan 38, kowace daƙiƙa kuma ta fi shekara 400. In duniya ta fara ran 1 ga Janairu, rana da ƙasa ba su samu ba sai farkon Satumba. Alamun rai sun bayyana kafin Satumba ta ƙare, amma dabbobi masu ɓawo da ƙashi ba su yawaita ba sai wajen 17 ga Disamba. Manyan dabbobin nan masu kama da ƙadangare sun ƙare ran 30 ga wata. Mutum mai irin siffar mutanen yau ya bayyana saura minti 11 ko 12 shekara ta cika, duk abin da aka rubuta na tarihi kuwa, daga Fir'aunonin Masar zuwa yau, bai wuce daƙiƙa 12 na ƙarshe ba. Wannan dabara ta cancanci yabo ba ragi, domin ba ta ƙara kome a kan awo ba, kuma wanda ya iya raba lamba yana iya bincika ta da fensir, kamar lissafin allin Huxley.

Amma zuma da zaƙi da harbi. Sagan yana son labari mai daɗi, wani lokaci kuwa daɗin kan rinjayi bincike. A kashi na biyu ya ba da labarin wata ƙaguwa ta Japan mai zane a baya kamar fuskar mayaƙi. Ya ce tun bayan wani yaƙin ruwa na shekarar 1185 masunta kan mayar da masu irin wannan zane cikin teku don girmama waɗanda suka nutse, su cinye sauran, da haka zanen ya yi ta ƙara kama da fuska. Misali ne mai kyau na yadda zaɓi ke sauya halitta, in da gaskiya ne. A 1993 wani masanin ƙaguwa, Joel Martin, ya nuna cewa zanen wurin da tsoka ke manne wa ɓawo ne, ana samun irinsa a ƙaguwoyin wasu tekuna da ma waɗanda suka zama dutse tun ba a yi masunta ba, kuma wannan ƙaguwa ƙanƙanuwa ce, ba cin ta a ke yi ba. Haka kuma ya ƙulla kisan malama Hypatia na shekarar 415 da rushewar babban ɗakin littattafai na Iskandariyya, alhali masana tarihi sun nuna ɗakin ya daɗe da lalacewa kafin zamaninta. Ɓarnar irin wannan ba ƙarama ba ce. Shaidar juyin halitta tana da yawa, a cikin duwatsu da ƙasusuwa da ƙwayoyin gado, amma wanda ya gano an ba shi tatsuniya a wuri ɗaya, sai ya ɗauka duk sauran ma tatsuniya ce.

Abu mafi nauyi shi ne jimlar da ya buɗe shirin da ita, inda ya nuna cewa ban da wannan duniya ba wani abu, ba a taɓa yi ba, ba kuwa za a yi ba. Ba madubin da ya auna wannan, ba kuwa wanda zai iya aunawa. Maganar shafi na uku ce aka karanta da muryar shafi na ɗaya, da kiɗa da hotunan taurari a bayanta. Amma a faɗa masa gaskiyarsa a wani wurin. Da ya nuna irin gwajin da Stanley Miller ya buga a 1953, inda aka sa tartsatsin lantarki cikin tururi da iska aka sami tubalan da a ke gina nama da su, ya bayyana cewa ba wanda ya taɓa ganin mai rai ya fito daga cikin kwalbar. Har yau haka abin ya ke, yadda rai ya fara daga marar rai tambaya ce da masana ke kan bincike.

Wani zai ce wannan ma'auni ya yi tsauri. Lacca ba littafin makaranta ba ce, in malami ya tsaya yana cewa watakila a kan kowace jimla jama'a za su yi gyangyaɗi, kuma mutanen da Hoyle da Sagan suka jawo cikin ilmin taurari sun fi waɗanda suka ɓatar. Akwai gaskiya a wannan. Sai dai laccar alli ta riga ta amsa shi. Huxley bai sa kowa barci ba, har yau ana buga laccarsa, ga shi kuwa ya faɗi iyakar saninsa. Kalmomin da a ke bukata ba su da yawa: an auna, ana zato, ni a ganina. Ba su cin minti guda a cikin awa.

Rashin waɗannan kalmomi yana raba masu sauraro gida biyu, duka kuwa asara ce. Wani saurayi ya haɗiye laccar duka, awo da ra'ayi, ya koma gida yana raina iyayensa da abin da ba malamin kimiyya da ya tabbatar. Wani kuma ya ji ra'ayin ya sosa masa imani, ya tofar da laccar duka, har da shekarun ƙasa miliyan 4,500 da aka auna tun 1956 aka kuma sake aunawa ba adadi. Na biyun ya fi yawa, kuma ƙasar da samarinta suka tofar da ilmin duwatsu da na ƙwayoyin cuta, ita za ta yi ta ɗaukar baƙi su nemo mata ruwa da ma'adinai da magani. Saboda haka mai sauraro ma yana da nasa aiki. Duk jimlar da ya ji, ya tambayi kansa a wane shafi ta ke, kuma in an ce an auna, ya nemi a gaya masa da me.

Wanda kuwa zai yi irin wannan lacca da Hausa, ba sai ya aro alli daga Norwich ba. Dutsen farar ƙasa na Kalambaina, wanda a ke yin siminti da shi kusa da Sakkwato, cike ya ke da ɓawon halittun teku na kimanin shekara miliyan 60, ga shi kuwa tsakaninsa da teku yau ya fi mil 400. A ƙasar Goronyo an tono ƙasusuwan wata babbar dabbar ruwa, a 1972 aka raɗa mata suna da sunan garin. A Gadufawa, cikin hamadar Nijar, an sami ƙashin kada mai tsawon ƙafa 30 ko fi. A Cadi, a 2001, aka tsinci ƙoƙon kan da a ke kira Tumai, mai kimanin shekara miliyan 7. Ran 3 ga Oktoba 1962 kuma wani dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo daga sama a gonar wani manomi a Zagami cikin ƙasar Katsina, bincike ya nuna daga duniyar Mars ya fito. Malamin da ya shigo zaure riƙe da guntun dutsen Kalambaina, ya miƙa shi hannu-hannu kowa ya ga ɓawon da idonsa, ya riga ya mayar da jiyau ganau. Abin da ya rage masa shi ne ya faɗi abin da dutsen ya shaida, in ya zo iyakar shaidar ya ce ga iyaka, sa'an nan in yana da ra'ayi ya faɗe shi da sunansa.